Yadda Ake Riƙe Yaro Mai Nauyin Karatu a Aji Ɗaya da 'Yan'uwansa

Wani ɗan mai facin taya ne a nan Garwa ta Kamaru ya sa na fara bin diddigin wannan al'amari. Shekararsa tara a lokacin, yana maimaita CE1, wato aji uku na firamare, a hannuna. In babur ya gifta ta bayan taga, daga kukan injin kaɗai zai gaya maka abin da ke damunsa. In na ba da labari ran Litinin, ran Juma'a zai maido mini da shi tiryan-tiryan. Amma ka miƙa masa littafi ka ce ya karanta layi ɗaya, sai jikinsa ya yi sanyi, gumi ya karyo masa, ya shiga lalube: ya ga "bon" ya ce "don", ya ga "par" ya ce "pra". A shifta kuwa kullum sifili yake ci. 'Yan aji suna ce masa daƙiƙi, ni kuma, Allah ya yafe mini, zango guda na yi ina rubuta masa a takardar sakamako cewa lalaci ke damunsa. Har yau abin yana ci mini rai, domin daga baya na gane duk ajin babu wanda ya kai shi shan wuya a kan littafi.

Abin da ke damun irin waɗannan yara yana da suna. Wanda karatu ke gagara alhali hankalinsa garau, masana suna kiran matsalarsa disleksiya. Wanda lissafi ke gagara, diskalkuliya. Wanda hannunsa ba ya bin rubutu, disgirafiya. Tun a 1896 wani likita a Ingila mai suna Pringle Morgan ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 da ya kasa karatu, wanda malaminsa ya ce da a ce da baki ake koyar da komai, da shi ne gwanin makarantar. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke aiki da shi, wanda ya fito a 2013, ya ƙiyasta cewa yara 5 zuwa 15 cikin 100 suna da ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli. Ka auna da ajinka: in kana da yara 80, tsakanin 4 da 12 ke nan suna zaune gabanka kullum. Abu ne da ake haihuwar mutum da shi, yana kuma bin jini. A disleksiya, ƙwaƙwalwa ce ke shan wuya wajen haɗa sautin da kunne ya ji da baƙin da ido ya gani. Ba jifa ba ne, ba sammu ba ne, kuma bulala ba ta taɓa warkar da shi ba.

To ina za a kai su? Ƙwararrun gyaran magana da karatu a Kamaru 'yan kaɗan ne, galibinsu suna Yawunde da Duwala, kuma mai facin taya ba shi da kuɗin jirgin ƙasa daga Ngaundere, balle na likita. Tun 1994 gwamnatoci 92 suka taru a Salamanka ta ƙasar Sifen suka amince cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro, kuma dokarmu ta 13 ga Afrilu 2010 ta tabbatar wa masu buƙata ta musamman haƙƙinsu na ilimi. Ke nan ajinka shi ne wurin, kai ne kuma mutumin. Ga yadda nake yi, da kayan da ke hannun kowane malami.

Da farko: ka sa ido, ka rubuta, kada ka yi saurin sa suna

Ka ware ƙaramin littafi, ka ba kowane yaron da kake zargi shafi ɗaya. Mako biyu ko uku kana rubuta abin da idonka ya gani kawai. Kada ka rubuta "ba ya ganewa"; rubuta "ya tsallake layi sau uku", "ya amsa daidai da baki, ya kasa rubutawa", "minti ashirin ya kwafi layi biyu". Ka kuma lura da 'yan mata. Namiji in ya kasa sai ya tayar da ƙura a aji kowa ya san da shi, mace kuwa sai ta sunkuyar da kai ta yi tsit, ta riƙa motsa baki tare da jama'a kamar tana karatu, har ranar da za a ce ta zauna a gida ta ɗauki talla.

Kafin ka ce matsalar daga ƙwaƙwalwa take, ka kawar da abubuwan da ke kama da ita. Ido: ka rubuta baƙaƙe ko ka zana alamu a kwali, ka tsayar da yaro nisan mita 6, ya rufe ido ɗaya ya faɗa, sannan ɗayan. Kunne: ka tsaya bayansa ka faɗi kalmomi da Hausa a hankali ya maimaita. Mu nan yankin sanƙarau ne, kuma yana barin kurumta; haka ma kunnen da ya daɗe yana zubar da ruwa. Ka tambayi ko ya taɓa yin zazzaɓin da ya kai ga suma, ko yana ɗauke wuta na ɗan lokaci ido buɗe, domin akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum ƙasa. Duk waɗannan na asibiti ne. Sai yunwa da fashi. Yaron da ya fito ko kunu bai sha ba, a watan Afrilu, zafi ya haura 40 a ƙarƙashin kwano, ba zai riƙe komai ba ko da haziƙi ne.

Sai babbar magana a wurinmu, wato harshe. Ɗanmu Hausa yake yi a gida, Fulatanci a kasuwa da wurin wasa, Larabci a makarantar allo, sannan ya shigo SIL, wato aji ɗaya, a tarbe shi da Faransanci. Yara da yawa da ake ɗauka ba su da kwanya, harshen ne bai zauna musu ba tukuna. Hanyar rarrabewa ita ce ka gwada shi da harshen uwarsa, ba takarda ba alƙalami. Ka ce ya tafa gaɓoɓin "ka-su-wa". Ka ce: kaza, kare, doki, wanne ne farkonsa ya bambanta? Ka ce ya faɗi "tabarma" ya cire "ta", me ya rage? Yaron da baƙon harshe kaɗai ke damunsa zai yi wannan yana dariya. Mai disleksiya kuwa ko da Hausar zai yi ta tuntuɓe. Daga nan ka je ka gaida malaminsa na allo ka tambaye shi. In ya ce maka yaron hadda ba ta ba shi wuya in an biya masa, amma ya daɗe a babbaƙu da farfaru ƙannensa suna wuce shi, to ka sami shaida ta biyu, daga wani rubutu daban.

Juya b da d a SIL ko CP, wato aji ɗaya ko biyu, ba abin tayar da hankali ba ne, yara da yawa suna yi su daina. In an kai ƙarshen CE1 abin yana nan, ga kuma sauran alamun, sai ka ɗauki mataki. Ko a lokacin, kai ba likita ba ne: kada ka maƙala wa yaro sunan ciwo a gaban aji ko a takardar sakamako.

Na biyu: ka je wurin iyaye da ƙafarka

Kada ka aika a kira uba makaranta, domin duk wanda aka kira ya san laifi zai ji, zai kuma zo da bulalarsa a zuci. Ni bayan la'asar na je rumfar facin. Muka gaisa, ya goge mini benci, bai bari na gama bayani ba ya ce, "Malam, ni na riga na sallama. Kansa ba ya ja. Ka bar mini shi ya koyi sana'a." Na ce, "Baba, wa ya koya masa gane ciwon inji da kunne?" Ya ce ba kowa. Na ce, "To kan da ya iya wannan yana ja. Ƙofar karatu ce ta yi masa tauri, ka ba ni zango biyu in gwada wani mabuɗi." Ya yi shiru yana murza roba a hannunsa, can ya ce, "Allah ya ba da sa'a."

Abu uku kacal za ka roƙa: a daina dukansa a kan maki, kada ya yi fashi, sannan a samo wani a gida, yaya ko 'yar maƙwabta, da zai zauna da shi minti goma bayan magariba. In gidan kulle ne, ka bi ta hannun malama ko matarka a isar wa uwa, domin ita ce za ta tsare waɗannan minti goman. Iyayen da ba sa karanta Faransanci kuwa, saƙon murya ta WhatsApp da Hausa ya fi takarda amfani nesa ba kusa ba.

Na uku: wurin zama da allon bango

Wannan ba ya cin ko dala. Ka dawo da shi benci na farko ko na biyu, ta ɓangaren da haske ba ya ƙyalli a allo, nesa da ƙofa. Ka yi rubutu manya-manya, ka bar fili tsakanin layuka, ka sa ɗigon alli mai launi a farkon kowane layi don ido ya san inda zai koma. Kada ka yi saurin gogewa. Kwafe daga allon bango shi ne ya fi cinye waɗannan yara, domin kowane baƙi sai sun ɗaga kai sun sauke. Saboda haka ka rage masa, ya kwafi layi uku masu muhimmanci, ko ka ba shi a takarda ya ajiye kusa da littafinsa. Umarni kuma ɗaya-ɗaya, kuma ya maimaita maka da bakinsa kafin ya fara. In mai rawar kai ne da ba ya iya zama, ka mai da shi mai goge allo da raba littattafai, ya sami dalilin miƙewa da izini.

Na huɗu: minti goma na sauti, kowace rana

Nan ne aikin yake. Wata sananniyar hanya, wadda ake jingina wa Samuel Orton da Anna Gillingham na Amurka tun shekarun 1930, ita ce a koyar da sauti ɗaya-ɗaya bisa tsari, ido na gani, kunne na ji, baki na faɗa, hannu na taɓawa, duk a lokaci guda. Da na karanta bayaninta sai na ga ai na san ta tun ina ƙolo. A makarantar allo ana rubuta maka ɗan kaɗan, ka ɗora yatsa a kan baƙi kana faɗa da ƙarfi, kowane baƙi da laƙabinsa, mim jaye, ha kuri, kuma ba a yi maka ƙari sai ka iya ka wanke. Kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya, a zaure ɗaya. Wannan tsarin nake arowa, ban da dorinar.

Ka tara yaran nan, huɗu zuwa shida, a lokacin da sauran aji ke aikin rubutu, ko minti goma kafin a buga ƙararrawa. Ka zuba yashi a faranti ko murfin kwali, yashi dai ba ya yankewa a bakin Binuwai. Ka nuna baƙi a kati, ka faɗi sautinsa, ba sunansa ba: "mmm", ba "em" ba. Yaro ya rubuta shi da yatsa a yashi yana faɗa, ya rubuta a iska da dukan hannu, ya rubuta a bayan abokinsa shi kuma ya canka, sannan a ƙarshe ya ɗauki alli ya sa a allonsa na hannu. Ka fara da a, i, o, sai baƙaƙen da ake iya ja da murya kamar m, l, f, domin su suka fi sauƙin haɗawa: mmm-a, ma. Sabon sauti ɗaya ko biyu a mako ya isa, kuma kullum da tilawar na baya ake buɗewa.

Da zarar ya sami baƙaƙe biyar ko shida, ka ba shi kalmar da ya sani. A nan Hausa tana da rana, domin rubutun boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Ka zaɓi kalmomin da baƙaƙensu suke da sauti ɗaya a harsunan biyu: mota, kifi, lada, baki, dila. Ka guji masu u, e da c tukuna, domin Faransanci yana karanta su daban, kada ka gina abin da za ka rushe gobe. Ranar da yaron nan ya haɗa "mo" da "ta" da kansa, ya ɗago kai ya ce "Malam, mota ce!" da muryar wanda ya tsinci kuɗi, sai da na juya baya na goge ido.

Marafan kwalba suna taimakawa: kowane sauti marfi ɗaya, yaro ya tura su gaba yana faɗa, k-i-f-i, marfi huɗu. Shi b da d, kada ka koyar da su a mako ɗaya. Ka bar b ya zauna daram na makonni kafin d ya shigo. Haka ma in an zo wahalhalun Faransanci, inda sauti ɗaya ke da riga uku, o da au da eau: ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kalmarsa ta tuni da hotonta a bango, kamar "bateau" da zanen jirgin ruwa. Baƙaƙen da ba a furtawa a ƙarshen kalma kuma ka sa ya riƙa yi musu ɗigo a ƙasa da fensir kafin ya karanta.

Za ka ga abin da ya iya jiya ya ɓace yau. Haka abin yake, ba taurin kai ba ne. Ka koma baya ba tare da tsaki ba.

Na biyar: lissafi

A nan ma ka fara raba harshe da matsala. Yaron da ke ba da canji a kasuwa da dala yake ƙirga: abin da kai za ka ce sefa 100, shi dala ashirin ya sani. Ga kuma ƙirgan Faransanci, inda 70 take "sittin da goma", 80 kuma "ashirin huɗu". Wanda ya ji "quatre-vingts" ya rubuta 420 ya ji daidai, harshen ne ya yaudare shi. Mai diskalkuliya daban yake: ka zuba masa duwatsu huɗu sai ya ƙirga su ɗaya-ɗaya, ka tambaye shi 7 da 9 wanne ya fi sai ya yi jim, ko da Hausa ne. Maganin duka biyun abu ne da hannu zai taɓa. Tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma da roba, a kwance ɗauri in za a yi ragi, a ɗaure in goma ta cika. Kowane adadi a gidansa na littafi mai layukan murabba'i, don kada goma ta hau kan ɗaya. Jadawalin sau kuma ka bar masa shi a kan benci. Abin da kake nema ya gane yaushe ake ninkawa.

Na shida: sauran yaran

Aji ɗaya ba shi da amfani in yaro yana cikinsa a wulaƙance. Ranar farko ka kafa doka cewa ba a kiran kowa daƙiƙi ko dolo, kuma ka fara da bakinka. Kada ka tashe shi karatu a bainar jama'a ba shiri. Ka ba shi layi biyu tun jiya ya je ya yi ta bita, gobe ya karanta su lafiya a gaban kowa. Amfani da allon hannu, inda kowa ke rubutawa a ɗaga tare in ka ƙwanƙwasa tebur, yana rufa asiri ƙwarai: kai kaɗai ke ganin kuskurensa.

Ka haɗa shi da abokin zama mai haƙuri. Ba lalle na ɗayan aji ba, sau da yawa na tsakiya ya fi iya bayani don bai manta wuyar ba. Ka gaya wa abokin aikinsa: ya karanta masa tambaya, ya nuna masa layi, amma kada ya yi masa aikin. Ka riƙa canza su duk wata don kada ɗaya ya gaji. Sannan ka nemo abin da yaron ya fi kowa, ka fito da shi fili. Nawa, da muka zo darasin iska, shi ya kawo famfo da tsohon tib daga rumfar babansa ya nuna wa aji yadda ake gano huji a cikin ruwa. Daga ranar sunan nan ya mutu.

In wani yaro ya ce, "Malam, don me shi aikinsa kaɗan ne?" ka ba shi amsa a sarari: a makarantar allo ma ba allon kowa ne ake cikawa ba. Batun duka kuwa, dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta haramta shi a makarantun Kamaru, kuma a kan waɗannan yara ɓarnarsa ninki biyu ce, domin tsoro yana kulle ɗan abin da suka riƙe.

Na bakwai: maki da jarrabawa

Shiftar da ake cire maki a kan kowane kuskure ita ce ke kashe musu gwiwa, domin mai kuskure 30 da ya rage zuwa 15 sifilinsa na nan, alhali ya yi tafiya mai nisa. Ka juya lissafin: ƙirga kalmomin da ya rubuta daidai, ka rubuta masa 22 cikin 40, mako mai zuwa ya nemi 25. Ko ka ba shi shiftar cike gurbi, kalmomi goma kawai zai sa. A tarihi da kimiyya, ilimin kake aunawa, saboda haka ka karanta masa tambaya, ka karɓi amsa da baki in ta kama, kada ka ci shi tarar rubutu. Ka ƙara masa lokaci, kamar kashi ɗaya cikin uku. Jan biro kuma ka taƙaita shi ga kuskure iri ɗaya ko biyu da kuke aiki a kansu. Duk wannan ka sanar da shugaban makaranta tun farko don kada a ce son kai ne, kuma in yaron ya doshi CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, a fara magana da ofishin sufeton ilimi tun farkon shekara a kan abin da za a iya yi masa a jarrabawar CEP ta kammala firamare.

Na ƙarshe: dubawa da miƙa amana

Duk mako shida ka koma shafinsa ka gwada: sauti nawa ya riƙe, kalma nawa yake karantawa daidai a minti ɗaya. In akwai motsi ko kaɗan ne, ka ci gaba. In zango biyu sun wuce babu, ko ka ga abin ya haɗa da magana, da tafiya, da kula da kai, to ya wuce hannunka kai kaɗai: ka raka iyaye asibiti, ka kuma nuna musu cibiyar jin daɗin jama'a ta gundumarku, inda ake bin takardun katin masu buƙata ta musamman. Maimaita aji kuwa, in da hanyar bara za a sake koyarwa, sakamakon bara za a samu, ga yaro ya yi wa benci girma.

Kafin hutun ƙarshen shekara, ka ɗauki shafin nan ka zauna da malamin da zai karɓe shi a watan Satumba. Ka rubuta masa abin da yaron ya iya, inda ya tsaya, abin da ya yi aiki, abin da bai yi ba, da wanda ke zama da shi a gida. A shafin ɗan mai faci na rubuta: ya riƙe sauti 24, b da d sun zauna, "an" da "on" suna rikita shi har yanzu, a zaunar da shi gaba ta hagu, a ba shi layinsa tun jiya, kuma yayarsa ce ke yi masa bita bayan magariba.